Ɗan Kiyawa: Kifin da ke Yin Rani a Cikin Ƙwai



Na san akwai waɗanda tun da suka ga sanarwar wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da kifi, in ba a cikin miya ba? Tambayar tana bisa hanya, kuma ba zan yi musun cewa akwai ɗan kamannin shiga sharo ba shanu a cikin abin da na ɗauko ba. Hujjata dai ita ce, suna ne ya kai ni ga wannan kifi, suna kuwa gonarmu ce, mu masu nazarin harshe. Bayan wannan kuma, na daɗe da ra'ayin cewa duk ilmin da ba za mu iya zama mu tattauna shi da Hausa ba, to har yanzu aro muke yi, bai zama namu ba.

Lokacin da nake karatu a Ingila, wata ranar Asabar ruwa ya tare ni a hanya, na fake a wani kanti. Ashe kantin na masu sayar da ƙananan kifaye ne, irin waɗanda mutanen can suke ajiyewa a ɗaki cikin akwatin gilashi don sha'awa, kamar yadda wasunmu ke kiwon tantabara ko kanari. A cikin wani akwati na ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin kifaye suna yawo a garke, saman idon kowannensu yana walƙiya shuɗi, sai ka ce an kunna masa fitila. Kuɗin guda ɗaya ya isa ya sayi tarwaɗa a kasuwar Shuwarin. Na rubuta sunan da aka manna a jikin gilashin, watau Poropanchax normani, don in ga ko daga wace ƙasa ake kawo wannan abin mamaki. Da na bincika a laburare sai na tarar cewa wanda ya fara bayyana shi ga masana wani Bajamushe ne mai suna Ernst Ahl, ma'aikaci a gidan adana halittu na birnin Balin, a shekarar 1928, kuma kifayen da ya yi aiki a kansu an kamo su ne a Kogin Kiyawa, kusa da Katagum. Jama'a, na ƙetare teku na je na tsaya ina ƙauyanci a gaban kifin garinmu!

To, ba shi ne ma abin maganarmu a yau ba. A wannan shekara ta 1928, daga wannan kogin dai, Ahl ya bayyana wani ɗan kifi na biyu, ya raɗa masa suna kiyawensis. Wannan ɗafi na ƙarshen kalmar, watau -ensis, a Latin aikinsa ɗaya da ɗafin Ba- namu na Bakano da Bahaɗeje da Bagumale. Ma'anar sunan ke nan ɗan Kiyawa, kuma haka zan riƙa kiransa. A 1969 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Alfred Radda, ya ware masa zuriya tasa, shi ya sa cikakken sunansa a littattafai yanzu Pronothobranchius kiyawensis. Yana da 'yan'uwa na kusa a Gambiya da kudancin Gana, kuma a 2013 an bayyana wani sabo daga Jamhuriyar Nijar. Kada mutanen Kiyawa su yi saurin buga ƙirji, domin sunan kogin aka ɗauka ba na garin ba, kuma Katagum da aka ambata tana cikin Jihar Bauci a yau. Amma ruwa bai san iyakar jiha ba. Duk ruwanmu na wannan yanki, da na Haɗeja da na Jama'are, gangara ɗaya yake yi zuwa Kogin Yobe, daga nan ya nufi Tafkin Cadi.

Shi ɗan Kiyawa ba wani abin a zo a gani ba ne wajen girma. Tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, watau santimita 4 zuwa 5. Namijin shi ne mai ado, jikinsa da sirkin shuɗi da ɗige-ɗigen ja, fikafikan ninƙayarsa manya ne bisa ga jikinsa. Macen kuwa ba ta da wani launi, kalar laka ce da ita, wanda ya gan su tare zai rantse ba jinsi ɗaya ba ne. Masunci ba zai ɓata lokacinsa a kansa ba, ta idon koma ma yake zurarewa. Abincinsa tsutsar sauro ne da sauran ƙananan halittun ruwa. Abin da ya sa ya cancanci a tara manyan mutane irinku a kansa shi ne wurin da ya zaɓa ya zauna, da dabarar da yake zama da ita.

Ku dubi sunan jiharmu. Jigawa tudun rairayi ce, kuma duk wanda ya bi hanyar Kiyawa ko ta Jahun ya san yadda ƙasar take: jigawa, sai kwari, sai jigawa, sai kwari. A cikin waɗansu kwaruruwan nan da bakin fadamu akwai baƙar laka mai danƙo, wadda ke riƙe ruwa da damina, in rani ya yi kuma ta bushe ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa. Ruwan sama a nan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, in an yi sa'a ya ɗan taɓa Oktoba. Ke nan irin wannan tafki ruwa ne na 'yan watanni, sauran shekara kuwa fako ne. A hankalce kifi ba shi da abin yi a irin wannan wuri.

Amma akwai kifayen da suka san makamar zama inda ruwa ke gudu ya bar su. Wadda muka fi sani ita ce gaiwa. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa tana shaƙar iska, domin ita tana da huhu. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma a nan kakanninmu ba su yi kuskure ba, don kuwa da naman jikinta take rayuwa har ruwa ya dawo. Tarwaɗa kuma tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta sauya tafki. Can a bakin teku ma akwai wata zuriya ta ƙananan kifaye da masana ke kira Blenniidae, masu zama a kogunan duwatsu inda igiyar ruwa ke zuwa tana komawa. Ɗaya daga cikinsu, a tsibirin Guwam na tekun Fasifik, ya kusa barin ruwa ɗungurungum: a kan dutse yake wuni, feshin igiya yana jiƙa shi, in zai gusa sai ya lanƙwasa wutsiya ya yi tsalle. Duk waɗannan, in kun lura, ransu suke ƙoƙarin tserarwa.

Ɗan Kiyawa bai yi wannan wahala ba. Shi mutuwa yake yi. Idan tafki ya ƙafe, babba da yaro, mace da namiji, duk sai su ƙare, wanda zalɓe da balbela ba su tsince ba rana ta gasa shi. A watan Maris, a tafkin da ya bushe, babu ɗan Kiyawa ko ɗaya mai numfashi. Abin da ya rage ƙwai ne kurum, binne a cikin laka, kowane ɗaya bai fi ƙwayar gero ba.

A nan zan ɗan dakata, domin nan ne zuciyar maganar. Bayanin da zan kawo na abin da ke gudana a cikin ƙwan an samo shi ne daga binciken da aka yi a kan danginsa na gabashin Afirka da na Kudancin Amurka, waɗanda suke rayuwa iri ɗaya da tasa.

Tun ruwa na nan, kusan kullum sai an yi aure a tafkin. Namiji yakan rungumo mace da fikafikansa na baya da na ciki, ya danna ta a kan laka, ta saki ƙwai ɗaya, ya ba shi iri, su ɗan tura shi cikin taɓon, su gusa gaba su sake. Babu sheƙa, babu gadi. Ku gwada wannan da karfasa, wadda ke ɗaukar ƙwanta a baki tana azumi har su ƙyanƙyashe, ko kifayen duwatsun teku da na ambata, waɗanda namiji ke tsare ƙwan a cikin rami yana yi musu fifita. Shi namu ya san ba zai ga 'ya'yansa ba, sai ya zuba ƙarfinsa duka wajen yawan ƙwai da ƙwarin ɓawonsu. Ɓawon kuwa mai kauri ne, yana hana ɗan ruwan da ke ciki tsiyayewa.

Ƙwan kifi na yau da kullum, in ya fara girma, ba ya tsayawa sai ya ƙyanƙyashe ko ya lalace. Wannan kuwa yana iya tsayar da girmansa cak, ya zauna haka wata da watanni. Masana suna da kalmarsu ta wannan hali, ni kuwa na ga babu abin da ya dace da shi a Hausa kamar zaman dako, domin mai dako ba barci yake yi ba, ba kuma tafiya yake yi ba, jira yake yi da shiri. A 1972 wani masani Ba'amurke, John Wourms, ya nuna cewa zango uku ne ɗan tayin zai iya yada zama a cikinsu. Zangon farko tun yana tarin ƙwayoyin halitta a warwatse, ba a ma san kai ko wutsiya ba. Na biyu bayan an shata jiki, ga alamar kai da gadon baya, ga 'yar zuciya da ta soma tsiro. Wannan zango na biyu shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙwari, a cikinsa ake cinye yawancin rani. Numfashin ɗan tayin yakan yi ƙasa ƙwarai, har an gwada wani danginsa na ƙasar Benezuwela aka ga yana jure makonni masu yawa ba tare da iskar oksijin ba sam, abin da zai kashe ɗan'adam cikin 'yan mintoci. Zango na uku kuwa kifi ya riga ya cika, da idanunsa da komai, yana naɗe a cikin ɓawo, ruwa kaɗai yake jira.

Idan ruwa ya sauka ya jiƙa lakar, cikin sa'o'i kaɗan sai a ga 'yan kifaye suna yawo a wurin da jiya jakuna ke birgima. Na tabbata akwai waɗanda a cikinku, suna yara, an gaya musu kifi daga sama yake faɗowa tare da ruwa. Wanda ya faɗi haka ba wawa ba ne, ya ga tafkin da ba ya haɗe da kowane kogi, ya ga kifi a ciki, ya nemi dalili. Kuskurensa ɗaya, sama ya duba maimakon ƙasa.

Akwai wata hikima kuma da manoma za su fi kowa ganewa. Kun san ruwan yaudara, wanda kan sauka a ƙarshen bazara, mutane su yi shuka, sannan ya ɗauke sati uku shuka ta ƙone. Da ƙwan nan duka za su fashe da ruwan farko, da shekara ɗaya ta irin wannan ta share su daga tafkin. Sai ya zamana ko ƙwan uwa ɗaya ba sa tafiya tare. Wani ya kai zango na uku yana jira a bakin ƙofa, wani yana na biyu, wani ma ya ji ruwan ya ƙi fitowa. In na farko suka halaka, akwai na baya. Manomin kirki ma ai ba ya juye irinsa duka a shukar fari.

Wanda ya fito kuwa ba shi da lokacin wasa. Dole ya ci, ya girma, ya yi ƙwai kafin ruwa ya gudu. Akwai wani danginsa a Zimbabuwe da Mozambik mai suna Nothobranchius furzeri, wanda aka bayyana a 1971. A 2018 masu bincike daga ƙasar Cek suka ba da rahoton cewa a tafkunan Mozambik wannan kifi yana balaga cikin kwana 14 da ƙyanƙyashewa, kuma a cikin duk halittu masu ƙashin baya ba a san wanda ya kai shi sauri ba. Haka nan tsufansa. Ko an sa shi a akwatin gilashi, ruwa ba ya ƙafewa, abinci ba ya yankewa, wani irinsa ba ya wuce wata uku zuwa huɗu: launinsa ya koɗe, bayansa ya ranƙwafa, kuzarinsa ya tafi, ya mutu da tsufa. Wannan ne ya jawo hankalin masu binciken tsufan ɗan'adam, domin ɓeran da suka saba gwaji da shi sai ya shekara biyu ko uku, wannan kuwa kafin ɗalibi ya gama zangon karatu ɗaya ya ga haihuwarsa da tsufansa. A 2015 wata ƙungiyar masana a Jami'ar Stanford ta Amurka da wata a birnin Jena na Jamus suka karanta tsarin gadon halittarsa baki ɗaya. A 2020 kuma masanan Stanford suka nuna wani abu da har yanzu yake ba ni mamaki: watannin da ɗan tayi ya yi yana zaman dako ba a cire masa su daga kwanakinsa. Wanda ya yi wata biyar a ƙwai, in ya fito, tsawon ransa da yawan haihuwarsa daidai suke da na wanda bai yi dako ba ko kaɗan.

Masu kiwonsu don sha'awa ma sun ci moriyar wannan hali. Ba sa wahalar aika kifi a ruwa. Ƙwan suke zubawa a cikin ɗan danshin ruɓaɓɓen ganye, su ƙulle a leda, su sa a ambulan, su kai gidan waya. Wanda aka aika wa ya duba ranar da aka rubuta, in lokaci ya yi ya zuba ruwa. Tun cikin shekarun 1940 kuma aka fara ba da shawara a gabashin Afirka cewa a yi amfani da irin waɗannan kifaye wajen yaƙi da sauro, tun da a tafki ɗaya suke tashi da tsutsarsa, a lokaci ɗaya. Ba na so in zuzuta wannan fiye da kima. Sauron da ke damunmu a Dutse yawancinsa a kwata da tsohuwar taya da sawun mota yake haihuwa, inda babu kifin da zai rayu.

Yanzu bari in juyo gare ku, ma'aikata, musamman na ma'aikatun ƙasa da safiyo, da gona, da muhalli, da ayyuka. Yaushe ake fita duba fili? Da rani, lokacin da mota za ta iya shiga. Jami'i ya je a watan Fabrairu ko Maris, ya tarar da kwari busasshe, ƙasa a tsattsage, babu ruwa, babu ciyawa, ko tsuntsu babu. Sai ya rubuta a takarda cewa fili ne wanda ba kowa. Daga nan sai a yanka fuloti, ko a ba ɗan kwangila ya ɗebi ƙasa, ko a cike wurin da shara. Jami'in bai yi ƙarya ba bisa abin da idonsa ya gani. Amma a daidai wannan lokaci, in tafkin na ɗan Kiyawa ne, duk al'ummarsa tana ƙarƙashin takalmin jami'in, a cikin ɗan tsawon yatsa na saman laka. Tifa goma ta isa ta kwashe su, kuma babu wasu a kogi da za su dawo su maye gurbi, domin shi ba kifin kogi mai zurfi ba ne. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, kowa a nan shaida ne ga yawan kwaruruwan da suka koma unguwanni.

Abin da ya fi wuyar fahimta shi ne, alheri ma yana kashe shi. Idan aka yashe tafki aka zurfafa shi don ya riƙe ruwa shekara duka, jama'a sun sami wurin shayar da dabbobi, amma shi an gama da shi, domin rayuwarsa a kan ƙafewar ruwa aka gina ta, kuma ruwa mai ɗorewa yana kawo tarwaɗa da sauran manyan kifaye da za su cinye shi. Wannan shi ne ƙaramin misalin abin da ya faru a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu a waɗansu wurare, a waɗansu kuma ruwa ya daina janyewa da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoma da makiyaya sun yi kuka an ji su, ko da ba a share musu hawaye duka ba. Sai kuma noman rani, da garmar da ke juye lakar ta shanya ƙwan a rana, da maganin feshi da ke gangarawa kwari da ruwan farko, daidai lokacin da 'yan kifayen ke fitowa.

Ba cewa nake yi a hana mutane gina gida ko noman tumatir saboda kifin da bai kai loma ɗaya ba. Wanda ya faɗi haka a gaban mai iyali zai sha dariya, kuma ya cancanta. Abin da nake roƙo ƙarami ne: kafin a rubuta wa kwari hukunci, a je a gan shi sau biyu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a cikin marka. In an tarar da irin wannan kifi, a bar masa ko da kwari ɗaya a cikin goma yadda Allah ya yi shi, ya cika da damina, ya bushe da rani.

Ku kuma ɗalibai, akwai aiki a nan na mutum biyu, ɗan sashen nazarin halittu da ɗan sashen Hausa, kuma ɗaya ba zai iya ba sai da ɗaya. Harshenmu yana da arzikin sunayen kifi: ga tsage, ga ƙurungu, ga minjirya, ga kawara, ga yauni, ga giwan ruwa. Amma ku lura, kusan duk na ci ne ko na sayarwa ko na tsoro. Ƙananan da ba sa shiga kasuwa, mu 'yan birni jimla muke yi musu, mu ce 'yan kifaye. Sunayensu na ainihi suna bakin Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, da matan da ke wanki a bakin tafki, da yaran da ke kama su da ƙwarya. Ku tafi da hoto, ku gaida dattijo yadda ya kamata, ku ce, “Baba, me kuke ce wa wannan?” Kada ku faɗa masa sunan da kuke zato, ku bari ya faɗi nasa, ku rubuta yadda ya furta shi, da garin, da ranar.

Shi kuma ɗan sashen halittu, tarunsa gidan sauro ne tsoho, sai kwalba mai faɗin baki. Ya nemi kwari mai baƙar laka wanda ba ya haɗe da kogi, ya shiga daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, ya ja tarun a hankali ta cikin ciyawar gefe. In lokacin ya wuce masa, ya koma da rani ya kankaro saman lakar daga inda ruwa ya yi ƙarshen kwanciya, cikin gwangwani ɗaya ya isa, kada ya yi zari. Ya ajiye a inuwa har bazara, ya zuba a baho, ya tara ruwan sama ya kwarara a kai, kada ya sa na famfo. Washegari da safe ya duba da tocila.